DAGA MAIGATARI ZUWA DUWATSUN BAKIN TEKU: SHAWARA GA MASU SHIRIN TAFIYAR HUTU

Kowace shekara, da zarar an shiga watan Yuli, makarantu sun soma shirin jarrabawar ƙarshen shekara, sai ka ji malamai da akawuna a ƙasar Gumel suna ta zancen inda za su sa kai in an ba da babban hutu. Galibi dai gona ce ke jiran kowa. Amma akwai waɗansu 'yan kaɗan, musamman samarin malamai da Allah ya hore wa 'yar mota, ko kuwa mutum huɗu da suka yi karo-karo, waɗanda burinsu shi ne su ga abu biyu da ƙasarmu ba ta da su, watau dogon dutse da teku. Ni ban ga laifinsu ba. Malamin da ya shekara goma yana zana wa yara dutse da teku a jikin allo, alhali kuwa iyakar tudun da ya taɓa hawa jigawar yashi ce ta wajen Sule Tankarkar, lalle ya kamata ya je ya gano wa idonsa, gama gani ya kori ji.

Amma tun da ya ke duba al'amuran malamai shi ne aikina, na kuma san yadda a ke tara kuɗin irin wannan tafiya, kaɗan-kaɗan daga albashin da bai cika kai wa ƙarshen wata ba, ya zama wajibi in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗin ji ba. Tafiyar tana da kyau ƙwarai, sai dai lokacin da a kan zaɓa mata, watau watan Agusta, shi ne mafi muni cikin watanni goma sha biyu na shekara. A ƙasashen Turai wannan hutu ya kan faɗo ne sa'ad da sanyi ya kau, rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, shi ya sa littattafansu ke cike da labarin zuwa bakin teku a Agusta. Mu kuwa Agustanmu tsakiyar damina ne, kuma daminar inda a ke son zuwa ba irin tamu ba ce.

Bari mu fara da wurin. In mutum ya buɗe taswirar Nijeriya zai ga bakin tekunmu kusan duk shimfiɗaɗɗe ne. Daga Badagiri zuwa Ikko yashi ne da kwakwa, daga gaba kuma har Fatakwal taɓo ne da rassan kogi da itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri. Sai an matsa can kusurwar gabas, kan iyakar Kamaru, sa'an nan duwatsu ke kusantar ruwa. Jerin tuddai ne mai tsawo, ya taso tun daga Mandara a Borno, ya biyo ta Adamawa da Mambila, ya sauko Obudu da Oban a Jihar Kuros Riba, kana ya ƙare da babban Dutsen Kamaru wanda ƙafarsa ke cikin teku sosai. Saboda haka wanda ya tashi daga Maigatari yana neman dutse da teku a tafiya guda, ba tare da ya ƙetare iyaka ba, Kuros Riba zai nufa: ya hau Obudu, ya ratsa Ikom, ya sauka Kalaba. Nisan ya haura kilomita 1,200, zuwa kaɗai ke nan, ban da komowa.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen Maigatari. Kowace Alhamis, in kasuwa ta ci, shanu da tumaki da raƙuma sun shigo daga Nijar da ƙauyukan kewaye, da maraice sai manyan motoci su yi lodi su nufi kudu, waɗansunsu kuwa har Kalaba da Uyo su ke kai wa, su komo da manja da ayaba da katako. Direbobin nan da yaran motarsu sun fi kowace taswira sanin hanyar. Sun san gadar da ta karye a makon jiya, da garin da ba a tsayawa cikinsa bayan magariba, da gidan man da ba ya yin algus. Abin mamaki, sai ka ga malami ya kwana uku yana latsa wayarsa yana neman labarin hanya, bai taka zuwa tasha ya gai da sarkin tasha ya tambaya ba. Matambayi dai ba ya ɓata, muddin ya tambayi wanda ya sani.

RUWAN CAN DA RUWAN NAN

Iskar da ke kawo mana damina daga teku ta ke tasowa, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Inda ƙasa ta ke shimfiɗe sai ta yi ta tafiya tana zubar da ruwanta sannu a hankali, ba ta iso mu nan kan iyakar Nijar sai wajen watan Yuni, a gajiye, ta yi mana wata uku ko huɗu ta janye. Amma inda ta ci karo da dutse tun tana da ƙarfinta, tilas ta hau, in ta hau kuwa sai ta yi sanyi, gama duk mita 1,000 da aka hau zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe laima kamar mai zafi, sai laimar ta zama girgije, girgijen ya sauke kayansa a wurin. Wannan shi ne dalilin da ya sa duk inda dutse ya fuskanci teku a ƙasashen zafi, nan ruwa ya ke da gida.

Ga yadda lissafin ya ke. Ruwan da ke sauka a ƙasar Gumel a shekara duka ya kan tsaya wajen milimita 500 zuwa 600. Na Kalaba ya kan kusanci 3,000, na tudun Obudu kuwa ya kan haura 4,000. Akwai wani ƙauye a gindin Dutsen Kamaru, Debunca, wanda a ke lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya, inda a ke samun wajen milimita 10,000 a shekara. Watau ke nan abin da za mu tara a shekara goma sha bakwai zuwa ashirin, mu yi ta godiya, su a shekara guda a ke zuba musu. Daminarsu ta kan soma tun Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, ƙarfinta kuma daga Yuli ne zuwa Satumba, daidai da kwanakin hutunmu.

Mu nan in an yi ruwa da dare, kafin hantsi yashi ya shanye, mota ta wuce abinta. Can ƙasa jar laka ce mai santsi, kwalta in ta fashe sai ramin ya cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. Babbar mota ɗaya in ta kafe a wuri mai ƙunci, sai a yi layi na sa'o'i, wani lokaci a kwana. A jikin duwatsu kuma ƙasa ta kan jiƙe har ta zaftaro. A daminar 2012 haka ta faru a Dutsen Afi cikin ƙasar Boki, tsakanin Obudu da Ikom, laka da duwatsu suka gangaro suka yi ɓarna mai yawa. A wannan shekara kuma, da 2022, Kogin Binuwai ya yi ambaliya har ya shiga unguwannin Makurɗi, garin da dole a bi ta cikinsa. Mutanen Jigawa ba sa bukatar a tuna musu abin da ruwan 2022 ya yi wa hanyoyinmu na gida.

YADDA ZA A RABA ZANGO

Wanda ya ce zai kai Kalaba a yini biyu, ko dai bai san hanyar ba ko kuwa yana nufin ya yi tafiyar dare, tafiyar dare kuwa ita ce abin da na ke roƙon kowa ya bari. Kwana huɗu shi ne daidai, biyar in an tsaya a Obudu, kuma don Obudun aka fito.

Ran farko a tashi bayan asuba daga Maigatari ko Gumel, a bi ta Gujungu da Gezawa a shiga Kano, daga nan a nufi Jos. Hanya biyu ce: ko ta Tudun Wada da dajin Falgore da Saminaka, ita ce gajera, ko kuwa a zaga ta Birnin Kudu da Ningi da Bauchi. Wadda za a bi ba a yanke ta tun daga gida, sai an ji ta bakin direbobin da suka iso a safiyar. A kwana Jos. Garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, Gumel kuwa bai kai 400 ba, saboda haka tun nan mutum zai fara neman bargonsa.

Rana ta biyu ita ce ta gwaji. In an bar Jos an nufi Akwanga sai a iso Hawan Kibo, inda hanya ke saukowa daga tudun Filato, wurin da ya ci manyan motoci da rayuka ba adadi. A ƙasansa akwai magangarar ruwa ta Asob, ta isa a tsaya a kalla. Direban da ya ji ƙafarsa tana rawa a Hawan Kibo, to, ya san bai isa hawa Obudu ba tukuna, ya miƙa wa wanda ya fi shi. Daga Akwanga sai Lafiya, sai Makurɗi, inda za a ƙetare Binuwai. Tsohuwar gadar da aka buɗe a 1932 domin jirgin ƙasa tana nan, a dube ta da kyau, gama kafin a gina ta jirgin ruwa ne ke ƙetarar da taragu. Rana ta uku a bi ta Gboko da Bandekiya cikin ƙasar Tibi a shiga garin Obudu, a sha mai a cika tanki a nan, domin daga garin zuwa kan dutsen akwai sauran wajen kilomita 60.

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne mutanenmu suka fi shiga hatsari. Direban ƙasar Gumel gwani ne a miƙaƙƙiyar hanya da yashi, amma bai san dutse ba, kuma yana da wata al'ada guda wadda a can ajali ce: in ya ga 'yar gangara sai ya sa mota a firi wai yana tattalin mai. Hawan Obudu kilomita 11 ne na ƙarshe, da kwanoni wajen ashirin masu lanƙwasa kamar ƙugiya, gefe guda bango, gefe guda rami. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukowar ce. Birki da gogayya ya ke aiki, gogayya kuwa zafi ta ke haifarwa. In mutum ya ɗora ƙafa bisa birki tun daga sama bai ɗaga ba, ƙarfen ya kan yi zafi har man birki ya tafasa, tururi ya shiga bututu, sai ka taka ka ji kamar ka taka auduga, mota kuwa tana ƙara gudu. Maganin abin shi ne a bar inji ya riƙe motar. Giyar da ka hau da ita, ta ɗaya ko ta biyu, da ita za ka sauko, kana taɓa birki kana saki. In ka ji ƙaurin ƙuna, nemi wuri mai faɗi ka tsaya, ka sa dutse a taya, ka jira ya huce. A kowace kwana da ba ka ganin gabanta ka danna ham, ka kuma ba mai hawowa hanya, don shi in ya tsaya tashi ya kan yi masa wuya.

Kafin a bar gida a kai mota wurin bakanike, ba wanda zai leƙa ya ce lafiya lau ba, wanda zai kwance ya duba. A sake man birki gaba ɗaya, domin tsohon mai ya kan sha laima, mai laima kuma ya fi saurin tafasa. A duba lagireto da fambel, gama a wurin hawa inji ke zafi, in kuwa ya yi zafi kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Taya mai sulɓi wadda ta ke kai ka Kano lafiya ba za ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta ba. Robar waifa kuma, wadda ranar Gumel ta gasa wata takwas ba a taɓa ta ba, a sake ta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A ɗauki safaya biyu in da hali, da jak, da igiyar ja, da tocila.

ABIN DA KE KAN DUTSEN

Tudun Obudu yana da tsawon wajen mita 1,600, cikin Ƙaramar Hukumar Obanliku, mutanen wurin kuwa Becebe a ke ce da su. A 1951 wani Bature ɗan ƙasar Sukotilan ya kafa gandun shanu a can, don ya lura sanyin wurin ya hana ƙudan tsando zama, ciyawa kuma ba ta yankewa. Wannan zai ba mutumin Maigatari sha'awa: ga daji mai duhu a ƙasa inda saniya ba ta rayuwa, ka hau sama sai ga fili da shanu suna kiwo kamar kana Mambila. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa wata na'ura mai ɗaukar mutane cikin akwatuna a jikin igiyar ƙarfe daga gindin dutsen zuwa samansa, tsawon wajen kilomita 4. Ta sha tsayawa da aiki, saboda haka kada kowa ya gina shirinsa a kanta sai ya tabbatar tana tafiya. Haka nan masauki, a bincika tun kafin a hau.

To, a nan ne maganar lokaci ta ke da nauyi. Abin da a ke hawa Obudu dominsa shi ne hange: ka tsaya a baki ka ga tuddai suna bin juna har cikin Kamaru. A watan Agusta kuwa girgijen nan da muka yi bayaninsa bisa dutsen ya ke zaune. Mutum ya kan yi kwana biyu ko uku bai ga abin da ya wuce taku ashirin a gabansa ba, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ga sanyi mai shiga ƙashi, rigar da aka wanke ba ta bushewa. Ya sayar da buhun gero da na riɗi, ya bar gonarsa a hannun ƙanensa daidai lokacin da ta fi bukatarsa, ya yi tafiyar kwana uku, abin da ya gani shi ne cikin girgije.

Daga Obudu zuwa Ikom a kan ratsa ƙasar Boki, ko a zaga ta Ogoja in waccan ta lalace. A dazuzzukan Afi da Mbe ne a ke samun wani irin gwaggon biri da a ke kira gorila, wanda masana suka ƙiyasta ba su wuce 300 ba a duniya duka, tsakanin nan da Kamaru. Kada mai karatu ya sa rai zai gan su, masu binciken da suka shekara a dajin ma ba safai su ke gani ba. Ikom garin koko ne, a kewayensa kuma, musamman a Alok, akwai waɗansu sassaƙaƙƙun duwatsu masu fuskar mutane, wajen 300, aikin mutanen da. Malamin tarihi ya tsaya nan ko da sa'a guda. Daga Ikom sai Ugeb, sai Akamkpa, inda hanya ke bin gefen tuddan Oban da gandun dajin da Gwamnatin Tarayya ta keɓe a 1991, sai Odukpani, sai Kalaba.

Kalaba tsohon gari ne. Shi ne mazaunin mulkin Turawa na kudancin ƙasar nan kafin a mai da shi Ikko a 1906. Gidan Razdan na da, wanda aka ƙero sassansa a Birtaniya aka harhaɗa bisa tudu a 1884, yanzu gidan tarihi ne, kuma a ciki za a ga kayan cinikin bayi da na manja. Makarantar Hope Waddell, wadda aka buɗe a 1895, tana nan tana aiki, duk malamin da ya je garin bai leƙa ta ba ya yi asara. Mutumin Arewa ba zai rasa masauki ba, gama akwai unguwar Bogobiri, zangon Hausawa mai daɗaɗɗen tarihi, da masallaci da masu tsire da masu canji. Akawun da ke aiki kusa da yankin ciniki marar haraji na Maigatari zai so ya ga na Kalaba, don shi ne na fari a Nijeriya, an kafa shi bisa dokar 1992. Zai ga namu kan iyakar tudu ya dogara, nasu kuwa tashar jiragen ruwa, ita ma tana fama da yashi da ke cike mashigin kogi.

Wani abu da taswira ba ta cika nunawa ba: Kalaba ba a bakin teku sosai ya ke ba, bisa kogi ya ke, tekun yana can gaba. Wanda ya ke so ya ga igiyar ruwa tana dukan yashi sai ya ƙarasa Ibeno a Jihar Akwa Ibom, ta Eket. Ko dai ya zaga da mota ta hanyar Itu, wadda ta daɗe da yin ƙaurin suna wajen lalacewa da damina, ko ya shiga jirgin ruwa zuwa Oron. In jirgin ya zaɓa, ya shiga da safe, ya sa rigar hana nutsewa, ya kuma tambayi labarin 'yan fashin ruwa, don an sha samunsu a wannan mashigi. Wanda iyakar ruwansa kududdufin bayan gari kada ya shiga teku ya wuce gwiwa.

MAGANAR DA BA A SO A YI

Hanyar nan ta ratsa Filato da Nasarawa da Binuwai, inda rikicin manoma da makiyaya ya daɗe yana cin rayuka, matafiyi kuwa wani lokaci ya kan biya bashin da bai ci ba. A Agusta 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba cikin Jos aka kashe fiye da mutum 20. A Yuni 2025 an kashe fiye da mutum 100 a Yelwata, ƙauyen da ke bakin hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, mutanen wurin ne aka kashe, saboda haka mai wucewa ya san yana ratsa ƙasar da zukata ke da miki. A Maris na shekarar kuma aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Uromi ba ta kan hanyarmu, amma darasin namu ne. Kada a ɗauki makami kowane iri, ko da takobin ado ne. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na ƙasa da na wurin aiki, da takarda daga shugabansa mai faɗin ko shi wane ne da inda za shi. Takardun mota su cika, lasin da inshora, don shingayen 'yan sanda da na jami'an kiyaye haɗurra suna da yawa. A isa masauki kafin la'asar sakaliya. In aka ji labarin tashin hankali a gaba, a koma baya a kwana, ba abin kunya ba ne. Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ba. Dubban mutanenmu suna bin hanyar kowane mako suna komowa lafiya, mutanen garuruwan nan kuma, in ka yi musu sallama da ladabi, masu karɓar baƙo ne.

Akwai waɗanda in sun kai Ikom zuciya za ta raya musu su ƙetare, tun da ya ke iyakar Mfum tana kusa, ga sabuwar gada da aka buɗe a 2022. Gaskiya ne abin da ke can ya fi na nan girma. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, mai aman wuta ne, a 1999 narkakken dutsen da ya amayo ya gangaro har ya datse hanyar bakin teku. A gindinsa ga Buya, inda Jamusawa suka yi hedkwata, ga Limbe mai baƙin yashi, wadda a da a ke kira Biktoriya. Wannan yanki tare da Nijeriya aka mulke shi a zamanin Turawa, kafin ƙuri'ar 11 ga Fabrairu 1961, sa'ad da kudancinsa ya zaɓi Kamaru, arewacinsa ya zaɓe mu. Amma tun ƙarshen 2016 yankin ya shiga rikici, wanda ya faro da yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta, ya zama yaƙi a 2017. Makarantu da malamai na cikin waɗanda aka fi kai wa hari, a Oktoba 2020 har cikin aji aka kashe yara a Kumba, garin da hanyar ta bi ta cikinsa. Shawarata ita ce a tsaya a gada a kalli kogi a juyo.

TO, YAUSHE ZA A TAFI?

Wanda ke da ikon zaɓen hutunsa, kamar akawun ƙaramar hukuma, ya nemi tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. A lokacin ruwa ya ɗauke, ƙasa tana kore, magangarun ruwa irin na Agbokim kusa da Ikom suna da ƙarfinsu, hazo kuma bai riga ya sauko ba. A gida ma an gama girbi, aljihu da ɗan nauyi. Malami ba shi da wannan zaɓi, sai ya yi da hutun Disamba. Aibinsa biyu ne. Na ɗaya hazon hunturu ya kan kai har can ya rage nisan hange, ko da ya ke gara hazo da girgije. Na biyu kuwa bikin Kalaba, wanda aka soma a 2004, ya kan cika garin a ƙarshen wata, masauki ya yi tsada, hanya ta cushe da masu zuwa gida Kirsimeti. Saboda haka ko a tashi ran da aka rufe makaranta a komo kafin bikin, ko a bari sai an shiga sabuwar shekara in kwanakin sun isa. Hutun Afrilu ma ya fi Agusta, ruwa ya soma amma ƙasa ba ta jiƙe ba.

Game da kuɗi, tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023 mai ne ke cinye rabin guzuri. Zuwa da komowa da 'yan zage-zage a lissafa kilomita 3,000. Ƙaramar mota mai ɗauke da mutum huɗu da kaya, a hanya mai ramuka da hawa, a ba ta lita 10 a kowace kilomita 100, watau lita 300 ke nan. A ninka da farashin ranar, a ƙara kuɗin masauki na dare goma, sa'an nan a ware kashi ɗaya cikin huɗu na jimlar a ba mutum guda ya riƙe, ba a taɓawa sai mota ta lalace ko wani ya kwanta. A ɗauki gidan sauro da maganin zazzaɓi, gama sauron can ba ya hutun rani. Kilishi da ƙuli-ƙuli da dakuwa guzuri ne masu kyau, amma laimar kudu ta kan sa su fumfuna cikin 'yan kwanaki, a ƙulle su da kyau a cinye da wuri. Sallar ƙasaru ta halatta tun da tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, sai dai wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a Kalaba zai cika. Alƙiblar can ta fi tamu karkata arewa kaɗan, a bi ta masallacin zango.

Malamin da ya kai Ibeno ya cika kwalba guda da ruwan teku, ya samo ɗan koko guda da ɓawonsa a Ikom, da dunƙulen jar ƙasar Boki. In an koma makaranta ya zuba ruwan a faranti ya ajiye a rana bakin aji. Da zafin Gumel, kafin kwana biyu ruwan ya tafi, ya bar gishiri fari a gindin farantin, kowane yaro ya dangwala ya ɗanɗana.